Tambaya Da Amsa: Agogon Masu Nutso A Hannun Mutanen Tudu

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Saƙonnin da na zaɓo wannan makon duk a kan abu ɗaya suke, wato agogon masu nutso a teku, irin su Rolex Submariner da Omega Seamaster da danginsu. Wasu tambayoyin na taƙaita su saboda fili, masu su ayi mun haƙuri.

Malam, ni fa abun nan ɗaure mun kai yake. Abokina ya zuba miliyoyi ya sayi agogo wai yana jure ruwa har zurfin mita 300, alhali mutumin nan ko kududdufin unguwarsu bai taɓa shiga ba. Meye amfaninsa dan Allah?
*Wani mai karatu daga Gusau*

Wallahi saida na yi dariya ɗan'uwa, domin kamar da ni kake. Ni ma ina da su har guda huɗu kuma ruwan da suka fi sani shine na buta. Kai ko masu nutson na gaske, waɗanda ke yi don nishaɗi a Sharm el-Sheikh ko Zanzibar, iyakarsu mita 40 ne, kuma yanzu ƴar kwamfuta suke ɗaurawa a hannu tana lissafa musu zurfi da lokaci, agogon ya zama ɗan rakiya kawai.

Amma da can ba haka bane. A 1953 kamfanin Blancpain na Suwizalan ya fito da Fifty Fathoms, wanda sojojin ruwan Faransa masu nutso suka riƙa aiki da shi, yana jure kusan mita 91. A wannan shekarar dai Rolex ta ƙera Submariner mai jure mita 100. A lokacin agogon nan ran mutum ne a hannunsa, domin iskar da ke cikin tulun bayansa ƙidayayya ce, in ya yi kuskuren lissafin mintuna shikenan. Shi ya sa suka sa masa wannan zoben mai lambobi da ke zagaye da gilashi. Kafin ka nutse sai ka juya alamar zoben ta yi daidai da hannun minti, daga nan duk sanda ka duba kaga minti nawa ka yi a ƙasa. Kuma in ka lura a agogunan yanzu gefe ɗaya kawai zoben yake juyawa, saboda ko da wani abu ya buge shi ya motsa, to zai nuna maka ka daɗe fiye da yadda ka daɗe ne, ka fito da wuri, ba zai taɓa yaudararka ka ƙara zama ba. Ni dai da nawa nake auna lokacin da na kunna famfon tanki, kuma tunda na fara haka ruwa bai ƙara malala a tsakar gida ba.

Daga nan sai gasa ta ɓarke tsakanin kamfanoni. A Janairun 1960 wasu masu binciken teku biyu, Jacques Piccard da Don Walsh, suka sauka ramin Mariyana, wuri mafi zurfi a teku, mita 10,916, da wani Rolex na gwaji ɗaure a jikin jirginsu ta waje, ya dawo yana aiki. Seiko ta Japan ta shigo a 1965, Doxa ta fito da mai fuska ruwan lemo a 1967, Rolex kuma a shekarar ta kawo Sea-Dweller mai ƴar ƙofar fitar da iskar heliyom don ma'aikatan da ke kwanaki a ƙarƙashin teku. Ko a nan Afirka, Panerai ta Italiya ta yi wa sojojin ruwan Masar wani ƙaton agogo a 1956.

To amfaninsa ga mutumin Gusau fa? Abun da aka toshe ruwa ba zai shiga ba, ƙurar hunturu ma ba za ta shiga ba, gumi ba zai shiga ba, an yi shi da ƙarfi don ya jure bugu, fuskarsa manyan alamomi ne masu haske da daddare ko NEPA ta ɗauke. Wannan shine amfanin. Sai dai in faɗa maka gaskiya, duk wannan amfanin Seiko ko Citizen na ƴan ɗaruruwan daloli zai baka shi cif. Ragowar kuɗin da abokinka ya biya, suna ya saya da tarihi da kyan aiki da kuma jin daɗin ransa, kamar mai kiwon doki a zamanin mota. In da halalinsa ya saya, iyalinsa basu rasa komai ba, ni banga abun faɗa ba.

Ƙarin bayani tunda ka ambaci mita: agogon da aka rubuta wa mita 30 ba wai za ka iya nutsewa mita 30 da shi bane, na yayyafi ne da wankin hannu. Na nutso na gaskiya daga mita 100 yake farawa a ƙa'idar duniya ta agogon nutso da ake kira ISO 6425.

Ranka ya daɗe, wani da muke harka da shi ya dawo daga Dubai da Submariner baƙi, sabo fil, da kwalinsa da katinsa, yace in bashi dala 3,500 saboda yana da uzuri na gaggawa. Na ɗaga na ji nauyi, hannun sakan ɗinsa kuma sulu yake tafiya baya tsalle. In saya?
*Wani ɗan kasuwa daga Kano*

A'a Alhaji, kar ka saya. Ruwa baya tsami banza.

Sabon Submariner na ƙarfe a shagon dilan Rolex kuɗinsa na kai-kawo ne a wajen dala dubu 10, kuma ko da kuɗinka a hannu ba lallai su baka ba, sai su rubuta sunanka suce ka jira, wani ya yi watanni wani ya haura shekara. Saboda wannan jiran ne ma ƴan kasuwar bayan fage suke sayar da shi sama da kuɗin shago. To mutumin da ke riƙe da kayan da duk dillalin agogo a Dubai zai karɓa ya ƙirga masa kuɗi nan take, me zai sa ya ɗauko shi har Kano ya baka a kashi ɗaya cikin uku? Kai ɗan kasuwa ne, ka fini sanin amsar. Ko jabu ne, ko na sata ne, ko kuma shi kansa an cuce shi bai sani ba, wanda hakan na faruwa sosai don haka kar ka yi saurin zarginsa.

Waɗannan gwaje-gwajen da ka yi, na nauyi da na tafiyar hannun sakan, sun yi aiki shekaru ashirin da suka wuce lokacin da jabu mai batir ne mara nauyi. Yanzu masu yin na bogi sun ƙware, ƙarfe mai nauyi suke sawa, injin otomatik, wato mara batir, suke sawa wanda har fasalinsa an kwaikwayi na ainihi, ɗan kambin da Rolex ke zanawa a gilashi wajen ƙarfe shida ma suna yi, kwali da kati kuwa wannan shine mafi sauƙin bugawa a wajensu. Na taɓa riƙe guda biyu a hannu, ɗaya na gaske ɗaya na bogi, na fi minti goma ina jujjuyawa kuma a ƙarshe na zaɓi na bogin, ni da nake ganin na san agogo. Akwai ma wani nau'in da yafi wannan haɗari, wanda ake haɗe-haɗe, jikin na ainihi amma fuskar ko zoben ko wani abu a inji an canza da na bogi.

Hanyar da na yarda da ita guda biyu ce. Ko ka saya wajen dilan da kamfanin ya amince da shi, a Najeriya akwai Polo a Legas, a Dubai akwai Ahmed Seddiqi, kuma tun ƙarshen 2022 Rolex da kanta ta fara tsarin sayar da na hannu da ta tantance ta bada garanti. Ko kuma in wajen mutum za ka saya, ku tafi tare wajen ƙwararren mai gyara wanda kai ka zaɓa ba shi ba, a buɗe bayan a ga inji, a ɗora shi a na'urar auna tafiya, a duba lambar jikinsa ta yi daidai da ta kati, a kuma bincika lambar a rajistar agogunan sata irin The Watch Register. Duk mai kayan da yace shi ba za a buɗe masa agogo ba, ko yace sauri yake, ka bashi hannu ku yi sallama.

In kuma dala 3,500 ɗin ce a hannunka kana son abu mai kyau, ai ba Rolex kaɗai Allah ya yi ba. Da ɗan ciko za ka samu Tudor Black Bay 58, wanda kamfanin ƙanin Rolex ne, mutum ɗaya ya kafa su wato Hans Wilsdorf, kuma faɗinsa milimita 39 ne, yafi zama a hannun da ba kauri. Longines HydroConquest da Oris Aquis kuwa har canji za a baka. Ni a wajena Tudor na gaske a hannu yafi Rolex ɗin da kullum gabanka ke faɗuwa kar wani masani ya ce kawo in gani.

Malam ina da ƴan kuɗi da nake son adanawa saboda faɗuwar naira. Wani yace mun in sayi Rolex guda biyu in ajiye, wai yafi fili riba. Gaskiya ne? Kuma akwai zakka a kai?
*Wani ma'aikaci daga Abuja*

Wanda ya faɗa maka haka labarin 2021 yake baka. Lokacin korona kuɗi sun yi yawa a hannun mutane a Turai da Amurka, ba tafiye-tafiye, ga masu kirifto sun samu, sai kowa ya afka wa agogo, farashin na hannu ya yi ta hawa kamar ba gobe. Wajen watan Maris zuwa Afrilun 2022 abun ya kai ƙololuwa, daga nan ya juyo ƙasa ya yi ta sauka wata bayan wata har fiye da shekara biyu. Waɗanda suka saya a saman nan da yawansu asara suka tafka.

Abun da ke ruɗar mutanenmu shine lissafi da naira. Wanda ya sayi agogo kafin Yunin 2023, lokacin dala na wajen naira 460 a farashin gwamnati, ya zo 2024 dala ta haura 1,500, in ya ƙirga da naira sai yaga kuɗinsa sun ninka. Amma ba agogon bane ya yi riba, nairar ce ta faɗi, da dalar ya ajiye a ƙarƙashin katifa ma haka zai gani, ba tare da fargabar jabu ko ɓarawo ba.

Sannan ka sani ƴan ƙalilan ne cikin agoguna ke riƙe darajarsu, yawanci Rolex na ƙarfe da wasu tsofaffi da ba a samu. Galibin sauran, har da masu kyau sosai irin Omega da Blancpain, kana fita daga shago kuɗinsu ya ragu kamar sabuwar mota. Ranar da ka tashi sayarwa kuma dillali ba zai baka farashin da yake sayarwa ba, sai ya cire nasa, kuma a nan gida masu saye da tsabar kuɗi basu da yawa, in ka matsu za a taya maka a wulaƙance. Fili ba a fizge shi a go-sulo, baya buƙatar sabis. Ni shawarata ka sayi agogo da kuɗin da in sun tafi ba za ka kasa barci ba, kuma ka sayi wanda za ka ɗaura.

Maganar zakka, abun da muka karanta a fiƙihun Malikiyya shine kayan da mutum ke amfani da su na kansa babu zakka a kansu, amma wanda aka saya da niyyar sayarwa don riba ya zama hajar kasuwanci. A nan ma an raba, akwai mai juya kaya kullum wanda ke ƙiyasta hajarsa duk shekara ya fitar da kashi biyu da rabi cikin ɗari, akwai mai ajiyewa yana jiran kasuwa ta tashi, shi kuma sai ya sayar zai fitar ta shekara ɗaya. Yadda ka kwatanta naka yafi kama da na biyun, amma ka zauna da malaminka ka faɗa masa niyyarka dalla-dalla, ni mai son agogo ne ba mai fatawa ba.

Shin ya halatta namiji ya ɗaura Submariner mai ruwan azurfa da shuɗin zobe? An ce mun ba ƙarfe bane.
*Daga Maraɗi*

Wanda ya faɗa maka ya san abun. Submariner mai launin fari da shuɗin zobe farin zinare ne, a ido kamar ƙarfe amma ka ɗaga ka ji nauyi, kuma farin zinare dai zinare ne aka gauraya. Hukuncin zinare ga namiji musulmi sananne ne. Haka mai launi biyu, rawayan da ke tsakiyar sarƙar zinare ne na gaske ba fenti ba. Wani abun da da yawa basu sani ba, ko a na ƙarfen, ƴan alamomin awa da ke fuskar Rolex da zinare ake kewaye su don kar su dafe. Malamai sun yi magana a kan ɗan kaɗan irin wannan kuma basu haɗu a kan magana ɗaya ba, sai ka tambaya. In kana son kauce wa shakku gaba ɗaya akwai Tudor Pelagos na titaniyom da Seiko iri-iri.

Malam agogona Omega Seamaster ne, shekara bakwai yana hannuna ban taɓa kai shi gyara ba. Jiya bayan na yi alwala na shiga mota mai AC sai naga hazo ta cikin gilashi. Yanzu ya washe. In ƙyale shi?
*Wani likita daga Zariya*

Likita kar ka ƙyale, kai da kanka ka san zazzaɓin da ya sauka ba shine ciwon ya warke ba. Hazon nan yana nufin danshi ya riga ya shiga, kuma yana can ciki yana cin ƙarfen inji a hankali. Ka cire shi daga hannu, kar ya ƙara ganin ruwa, ka nemi inda za a buɗe a busar da shi cikin ƴan kwanakin nan. Zancen a tura shi cikin shinkafa ka manta da shi.

Abu biyu ke jawo haka. Na farko ɗan makunnin gefe da ake saita lokaci da shi, a agogon nutso murɗa shi ake yi ya kulle kamar murfin jarka, in ka saita lokaci ka manta baka murɗe ba to ƙofa ka bari a buɗe. Seamaster ma makunni biyu gare shi, akwai na heliyom a wajen ƙarfe goma, yara na son wasa da shi, ka duba shi ma. Na biyu robobin da ke toshe ruwa, suna bushewa su tsattsage da shekaru, zafin ƙasarmu da turaren da muke fesawa a hannu da sabulu duk suna ƙara gajiyar da su. Mita 300 ɗin da aka rubuta ranar da ya fito daga masana'anta ne, ba alkawari bane na har abada. Omega na bada shawarar sabis duk bayan shekara biyar zuwa takwas, Rolex kuma wajen shekara goma, gwajin ruwa kuwa gara a riƙa yi akai-akai in kana jiƙa shi kullum kamar yadda muke yi sau biyar a rana.

Sai dai a kula da wanda za a ba. Ni na taɓa kai wani Seiko da nake ji da shi wajen wani mai gyara a bakin kasuwa, mutumin kirki ne kuma gwani a agogon batir, amma bashi da abun buɗe irin wannan murfin sai ya sa ƙusa da ƴar guduma, ya karce bayan, ya tsinke robar ya mayar da ita haka, bai faɗa mun ba sai da damina ta faɗa mun. Laifina ne da na kai masa abun da ba aikinsa ba. Ka tambaya tukuna ko suna da na'urar gwajin matsin ruwa, in babu kar su buɗe. Da yawa daga cikinmu sai mun haɗa da tafiya Legas ko Dubai ko Landan, kuma cikakken sabis na irin naka ɗaruruwan daloli ne, ka shirya masa. Shi ya sa nake cewa duk mai sayen agogon nan ya sa kuɗin sabis a lissafi tun ranar farko.

Yaya, mahaifinmu Allah ya yi masa rasuwa, a cikin kayansa mun ga wani tsohon Rolex baƙi da yace ya saya a Jidda lokacin da ya je Hajji a shekarun 1970. Duk ya karce, zoben ya koɗe ya koma toka-toka, alamomin sun zama ruwan ƙasa basa haske. Ina so in kai a goge shi a canza fuskar ya dawo sabo in ba mijina.
*Wata baiwar Allah daga Katsina*

Allah ya jiƙan Baba ya sa ya huta, ya baku haƙuri. Hajiya dan Allah dan Annabi kar ki bari kowa ya taɓa agogon nan da injin gogewa.

Duk abun da kike gani a matsayin lalacewa, wajen masu tara agogo shine kuɗin. Zoben da ya koɗe da kansa, alamomin da suka yi ruwan ƙasa, wannan ba a iya ƙera shi, shekaru hamsin ne suka yi aikin. Rashin hasken ma ba matsala bane, a wancan zamanin da sinadarin tiritiyom ake shafa su, shi kuma duk bayan kamar shekara goma sha biyu rabin ƙarfinsa ke tafiya, in kin duba can ƙasan fuskar da kyau za ki ga harafin T kusa da kalmar Swiss. In aka canza fuskar da sabuwa, aka goge jikin har gefunansa suka zagaye, agogon zai yi ƙyalli amma zai iya rasa babban kaso na darajarsa, kuma ba a dawo da shi.

Ga abun da za ki yi. Ki samu wanda zai cire sarƙar a hankali, a tsakanin ƙafafun da ke riƙe ta ta sama akwai lambar samfuri, ta ƙasa kuma lambar siriyal wadda ke nuna shekarar da aka yi shi. In kin ga 5513 ko 1680 to Submariner ne na wancan zamanin kuma abu ne mai daraja sosai. Ki sake bincika akwatin Baba ko akwai rasit ko wata takarda ko hotonsa sanye da shi, duk a haɗa a adana. Kar a sa shi a ruwa ko kaɗan, robobinsa sun daɗe da mutuwa. In za a yi sabis a gaya wa mai gyaran a rubuce cewa inji kawai za a wanke a sa mai, ba gogewa, ba canza fuska ko hannaye ko zobe, duk abun da aka cire kuma a dawo miki da shi.

Sai magana ta ƙarshe wadda tafi duk waɗannan, kince "mun ga", wato ba ke kaɗai bace. Agogon nan cikin gado yake, kuma zai iya fin motar da Baba ya bari kuɗi. Kafin ya je hannun maigida a samu masani ya ƙiyasta shi, a sanar da sauran magada adadin, in ke kike so sai a saka shi cikin rabonki ko ki biya su nasu.